Akwatin da Na Kafa a Figil

Shagona na bakin kwalta a Figil,
inda Garwa ke miƙa wa Marwa kaya.
Rediyo nake gyarawa, da fitilar caji,
amma in tirelar siminti ta wuce
sai kusoshina su yi rawa a cikin faranti.

Ran Laraba ta kwashe teburin Goggo Dudu,
gyaɗa da ƙosai har bakin kwata.
Allah Ya tsare tsohuwar, ta shiga alwala.
Na je gun jandarma, ya ce, "Gudu nawa?"
Na ce, "Gudu dai, irin na tashin hankali."
Ya ce, "Takardata ba ta cin hankali,
lamba take ci."

To, na ce, lamba za ka samu.

Na fara da tiyo, na shimfiɗa a titi,
in taya ta taka, iska ta busa mini labari.
Kwana ɗaya ya yi. Da asuba na gan shi
a randar Barau mai faci, yana shan ruwa.
Ban yi magana ba. Ina da bashinsa.

Sai na sayo mai ji irin na jemage,
ya yi tsuwa, ya jira amsa ta dawo.
Wannan bai san bambanci ba:
akuya mota ce, mai tallan rake mota ce,
har liman da babbar rigarsa
ya rubuta shi kilomita saba'in.

Mayen ƙarfe na binne a gefen hanya,
wai ya ji ƙarfe in ya gifta.
Ya ji tirela, ya ji tankar mai,
babur kuwa, wanda ya fi kowa hauka,
ya wuce shi kamar bai taɓa zuwa duniya ba.

An ce akwai wani a Duwala
mai harba igiyar da ido ba ya gani,
ya karanta gudu daga amon da ya dawo.
Na tambayi kuɗi. Jaka talatin na sefa.
Na duba buhun dawa, na duba yara,
na ce wa mai wayar, a gai da Duwala.

Ladidi 'yar ƙanwata ce ta warware,
tana aji biyar, alli a bayan kunne.
Ta ce, "Kawu, ido biyu ya isa.
Ka ciro na tsohon talabijin,
ɗaya nan, ɗaya can, mita goma tsakani,
haske ya haska kowanne daga ƙetare.
In mota ta yanke na farko, agogo ya tashi,
ta yanke na biyu, ya tsaya.
Daƙiƙa guda, talatin da shida ke nan.
In bai kai rabi ba, a kira jandarma."

Rana ta makantar da su da tsakar rana,
na yi musu rumfa da gwangwanin tumatir.
Farar ƙurar siminti ta rufe su,
Ladidi na gogewa da gefen mayafi.
Na zuba kome a akwatin katako,
na shafa baƙin fenti, na ɗora kan sanda.

Asabar na zauna da biro, ina jira.

Tirela ta taho daga kwanar masana'anta,
direba ya hango akwatin, ya taka birki.
Talatin da biyu.
Ta biyu, ashirin da tara.
Wani ma ya ɗaga wa sandar hannu.
Kafin la'asar labari ya kai Gidar:
wai gwamnati ta kafa ido a Figil.

Mako uku ina farautar casa'in,
ban kama ko hamsin ba.
Me zan kai wa jandarma?
Takarda cike da direbobi masu ladabi?

Jiya batir ya mutu. Ban saya ba.
Akwatin na nan, ba kome a cikinsa sai gizo-gizo.
Goggo Dudu ta matso da sabon tebur
ƙarƙashin sandar, don 'yar inuwa,
kusoshina kuma sun kwanta a faranti.
Ladidi kaɗai ke fushi:
lissafinta bai samu abokin karawa ba.